Yadda za ka haɗa matashin mawaƙin Katsina da abokan aiki na ƙasashen waje ba tare da an ci guminsa ba

Wannan jagora ta mutanen da ke tsaye a bayan yaro mai basira ce: mai situdiyo a Ƙofar Ƙaura, malamin sashen Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, shugaban ƙungiyar matasa a Daura, ko yayan da ya ga ƙanensa ya iya kalangu tun yana firamare. Yaranmu suna da murya, suna da hannu. Abin da ke kayar da su idan dama ta zo daga waje shi ne takarda. Babu shaidar aiki da za a nuna, babu yarjejeniya, babu wanda ya san kason wa nawa ne a cikin waƙar. Sai kiɗan ya zaga duniya, sunan makaɗin kuwa ko a bayan faifai ba a gan shi ba. Aikinka kai mai tallafi shi ne ka toshe wannan kafa, kuma daki-daki ake yinsa.

Mataki na farko: a tabbatar da abin da yaron zai kai kasuwa

Yawancin matasanmu idan aka ce waje, sai su fara kwaikwayon kiɗan Legas. Wanda ke Jamus ko Maroko yana neman irin wannan kiɗa, Legas zai nufa kai tsaye. Abin da zai sa ya waiwayo Katsina shi ne abin da babu a can: kalangu mai magana, gurmi, kukuma, garaya, algaita, kiɗan ƙwarya. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da aka binne a Daura a 1999, da kalangu da 'yan amshi kawai ya kai matsayin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa da ƙwarya ta yi suna. Ba ina cewa yaro ya jefar da fiyano da kwamfuta ba ne, a'a, ya riƙe su. Amma ya zamana a cikin waƙarsa akwai abu ɗaya na gida da ya ƙware a kai ƙwarewa ta gaske.

Idan bai da shi, ka kai shi wurin dattijo. Ku je da goro da ladabi, ka ce, "Baba, ga ɗanka mun kawo, a koya masa abin da Allah ya hore." Ku yanke abin da za a riƙa ba dattijon duk wata, kada ya zama sai an tuna. Wata shida na zama da tsohon makaɗi yana canja hannun yaro fiye da shekara biyu na kallon bidiyo a waya, domin dattijon ba bugu kaɗai zai koya masa ba, zai faɗa masa abin da kowane take ke cewa da wanda ake yi wa shi.

Wannan sani yana da muhimmanci idan aka fara hulɗa da baƙi. Mai haɗa sauti na waje yakan ji wani bugu ya burge shi, ya yanko shi ya riƙa maimaitawa a cikin kiɗan rawa, bai san cewa taken wani basarake ne ko na wani malami ba. Tambura da kakaki na fada ne, ba a ɗaukar sautinsu a yi abin da aka ga dama. Tun da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, masu sha'awar kiɗan hawa sun ƙara sanin cewa ana irinsa a Katsina da Daura. Duk wanda ke son ɗaukar makaɗan fada, sai an bi ta hannun masarauta an nemi izini. Yaron da ya san iyakarsa a nan ya kare kansa daga fushin gida.

Mataki na biyu: shaidar aiki

Babu wata cibiya da za ta ɗauki mawaƙi saboda an ce mata ya iya. Ga abin da za ku tara, kuma wayar hannu mai kyau ta isa ga rabinsa.

Waƙoƙi uku da aka ɗauka da tsabta. Bidiyo ɗaya na minti uku zuwa biyar inda yaron ke yin wasa kai tsaye da makaɗansa, ba motsa baki a kan faifai ba. Masu zaɓen mawaƙa a cibiyoyin sun fi duba wannan bidiyo a kan komai, domin so suke su ga abin da zai faru a kan dandalinsu. A ɗauka da safe ko da la'asar a wuri mai haske, nesa da janareta da titi, waya a kwance, ba a tsaye ba. Sai tarihin mawaƙi a taƙaice, kamar kalma 150, da Hausa da Ingilishi, in da hali har da Faransanci. A rubuta garinsu, malaminsa, kayan kiɗansa, da wuraren da ya yi wasa. A bar kirari irin na "tauraron taurari", ba ya ƙara komai a idon mai karatu na waje. A fassara baitocin waƙoƙin uku, a ɗauki hotuna huɗu ko biyar, a buɗe adireshin imel da sunan wasan yaron, a kuma tabbatar sunan iri ɗaya ne a YouTube da Audiomack da Instagram. Ɗaliban sashen Faransanci ko Ingilishi na jami'a za su iya taimakawa da fassara, a ba su ɗan abin sabulu a kuma rubuta sunansu.

Mataki na uku: a fara da Maraɗi da Damagaram

Mutumin Katsina yana da wata falala da mawaƙin Legas ba shi da ita. Ƙasar waje tana bakin ƙofarsa, kuma Hausa ake yi a cikinta. Daga Katsina ta Jibiya ka shiga Ɗan Isa sai Maraɗi, inda har yau sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi take. Daga Daura ta Kwangwalam ka kama hanyar Matamai zuwa Damagaram. Mawaƙan can suna da nasu salo, gidajen rediyonsu suna sa waƙoƙinmu, kuma da yawansu suna jin Faransanci, wanda ke buɗe ƙofar bukukuwan Abijan da Rabat da Dakar.

Waƙa ɗaya da ɗan Daura ya yi da ɗan Damagaram haɗin gwiwa ce tsakanin ƙasashe biyu, kuma haka za a rubuta ta a takardar neman tallafi. Masu ba da tallafi sun fi amincewa da wanda ya taɓa kammala ƙaramin aiki da wani na ƙetare. A nan ne yaro zai koyi cika alkawarin lokaci, da raba kuɗi a naira da sefa, da haƙuri da ra'ayin wani, a inda ko an samu saɓani akwai dattijan da za su sasanta. Sai dai a lura da halin iyaka. An rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kafin kowace tafiya a tambayi jami'an shige da fice da direbobin tasha halin da ake ciki, a tafi da cikakkun takardu, a bi ta ƙofa.

Bayan Nijar akwai zangon Kumasi da Akara a Gana, da Garwa da Marwa a Kamaru, da Hausawan Sudan. Can arewa kuma akwai dangantakar da aka manta. Kiɗan Gnawa na Maroko, wanda ake wa biki a garin Essawira tun 1998, tushensa daga mutanen da aka kai daga kudancin Sahara ne, kuma babban kayan kiɗansa mai tsirkiya uku ɗan uwan molo ne. A waƙoƙin stambeli na Tunisiya har yau ana jin kalmomin Hausa. Mai garaya ko gurmi da ya rubuta wa makaɗin can yana da zancen da zai fara da shi.

Mataki na huɗu: aiki daga nesa

Ba sai an hau jirgi ake haɗa waƙa ba. Ka zaɓi mawaƙa biyar ko shida da kiɗansu zai zauna da na yaronka, ka saurare su sosai, sannan a rubuta wa kowanne saƙo gajere: ga ni, ga waƙarka da na ji, ga abin da nake ganin kalanguna zai ƙara mata, ga bidiyona. Kada a roƙi kuɗi ko biza a saƙon farko. Yawanci ba za su amsa ba, ɗaya ya isa.

Idan an amince, sai a kiyaye ƙa'idar situdiyo. A daidaita saurin bugu tun farko, wato bugu nawa a minti, a kuma ɗauki kiɗan a kan wannan ƙidaya. A ɗauki kowane kayan kiɗa a fayil ɗinsa, murya daban, kalangu daban, 'yan amshi daban, duka su fara daga wuri ɗaya. A ajiye su a tsarin WAV, 48 kHz, 24 bit, ba tare da an shafa musu amsa-kuwwa ko gyaran murya ba. Kada a tura ta saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti ya lalata shi. A yi amfani da Google Drive ko WeTransfer. Mai gurmi ko kukuma ya daidaita tsirkiyarsa da na'urar gwada sauti a kan 440, wanda shi ne ma'aunin da fiyano da jita ke bi, in ba haka ba za a sha wahalar haɗawa.

Abu guda da ba na so a yi sassauci a kai shi ne karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka da jan wasali, kuma ma'ana a kansu take. Idan baƙo ya ɗaga murya ko ya ja gaɓa da na'ura don ta dace da kiɗansa, baitin zai iya komawa wata magana. Shi ya sa tun farko za a yi sharaɗi cewa ba a sakin waƙa sai mawaƙin ya ji haɗin ƙarshe ya amince.

Mataki na biyar: yarjejeniya

Nan ne ake cin yaranmu, don haka nan za mu daɗe.

Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu. Na farko haƙƙin ƙirƙira, wato baitoci da karin waƙa, na wanda ya tsara su. Na biyu haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda galibi yake hannun wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar. Mutum zai iya mallakar ɗaya bai mallaki ɗayan ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ta kare ƙirƙirar waƙa tsawon rayuwar mai ita da shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Kariyar tana farawa ne da zarar an rubuta ko an naɗi aikin, ba sai an yi rajista ba, amma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista ta intanet, kuma takardarta hujja ce ranar gardama. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi ko ba wa wani izini na shi kaɗai sai a rubuce. Ma'ana, duk abin da yaro ya sa wa hannu shi zai kama shi.

Saboda haka kafin fayil ɗin ƙarshe ya bar Katsina, a rubuta takardar rabon kaso. Shafi ɗaya ne: sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, abin da kowa ya yi, kasonsa cikin ɗari a haƙƙin ƙirƙira, kasonsa a haƙƙin sauti, da sa hannu. A sa makaɗi da 'yan amshi a lissafi. A al'adarmu akan sallame su a wurin wasa shi ke nan, amma faifai yana ci gaba da kawo kuɗi shekaru. Ko dai a ba su kaso, ko a biya su sau ɗaya su sa hannu sun yarda, kuma a kowane hali sunansu ya fito a jikin waƙar. Idan an ɗauko bugu ko baiti daga dattijon da ya koyar da yaron, shi ma a rubuta shi. Idan abin na gargajiya ne da ba a san mai shi ba, a rubuta haka, kada wani ya yi rajistarsa da sunansa. Dokar tana da tanadi na kare irin waɗannan al'adu daga kasuwanci ba da izini ba.

Idan kamfani ya aiko da kwantiragi, ka nemi amsar tambaya huɗu a cikinsa: sayarwa ce ko aro, na shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, kuma yaushe za a riƙa turo lissafin kuɗi. Aron shekara uku zuwa bakwai ya fi sayarwa ta har abada, ko da kuɗin hannu ya fi ƙanƙanta. Ka guji shaɗarar da ta hana yaro yin waƙa da kowa sai da izinin kamfani, da wadda ta ba su damar amfani da sunansa a talla yadda suka so, domin a garinmu tallar giya ko caca da muryar yaro tana iya raba shi da iyayensa. Kai kwantiragin wurin lauya. Kuɗin duba takarda bai kai asarar waƙa ba. Bayan haka a fassara wa yaron da mahaifinsa da Hausa, shaɗara bayan shaɗara. In yaron bai kai shekara 18 ba, waliyyinsa ne zai sa hannu.

Daga nan sai yaron ya shiga ƙungiyar karɓar ladan waƙa, irin su MCSN, domin ta hanyarsu kuɗin da rediyo da dandalin ƙasashen waje suka biya ke dawowa gida. Kowace waƙa da aka saki kuma ta samu lambar ISRC, wato lambar shaidar waƙa ta duniya, wadda kamfanonin rarraba waƙa a intanet ke bayarwa.

Mataki na shida: neman tallafi

Ƙofofin suna da yawa, kowace da sharaɗinta. Art Moves Africa tana biyan kuɗin tafiya tsakanin ƙasashen Afirka. Gidauniyar Prince Claus ta ƙasar Holan tana ba matasa 100 da ke farkon aikinsu yuro 5,000 kowanne a shekara. British Council, cibiyar al'adu ta Birtaniya, tallafinta na haɗin gwiwa yakan buƙaci abokin aiki a Birtaniya, kamar yadda asusun haɗin gwiwa na Goethe-Institut ke buƙatar abokin aiki a Jamus. Shirin OneBeat na Amurka, da aka fara a 2012, na mawaƙa masu shekara 19 zuwa 35 ne. Asusun UNESCO na bunƙasa al'adu yana kai wa dala 100,000, amma na ƙungiyoyi da hukumomi ne masu shirin gina harkar gaba ɗaya, kamar horaswa da tsara kasuwa, ba na buga faifan mutum ɗaya ba. Akwai kuma kasuwannin baje kolin waƙa inda masu shirya bukukuwa ke zuwa neman sababbin muryoyi: Visa For Music a Rabat a watan Nuwamba, MASA a Abijan, Sauti za Busara a Zanzibar a Fabrairu, da WOMEX a Turai a Oktoba. Dukansu suna rufe karɓar takardu watanni da yawa kafin taron. Shafin Music In Africa yana tara irin waɗannan sanarwa, ka maida shi abin dubawa duk mako, ka kuma tabbatar a shafin cibiyar kanta cewa an buɗe a bana.

Ƙungiyar da ke son karɓar kuɗi da sunanta sai ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, ta samu lambar haraji da takardar SCUML ta sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, ta buɗe asusun banki mai karɓar kuɗin waje. Wannan yana cin lokaci, a fara shi kafin a ga sanarwa. A takardar neman, a faɗi abu ƙayyadadde: wa da wa, za su yi me, a ina, cikin wata nawa, a kan nawa. A kasafi a sa ladan mawaƙi da makaɗa a sarari. Mutanenmu sukan ji kunyar rubuta nasu lada, alhali masu tallafi suna kallon rashinsa a matsayin rashin tsari. A bar ɗan rara saboda hawa da saukar naira.

Cibiya ta gaskiya ba ta karɓar kuɗi don ta ba ka takardar gayyata ko ta samar maka biza. Wasu kasuwannin baje koli suna da ɗan kuɗin cike fom da aka rubuta a shafinsu, wannan daban. Wanda ya ce a turo kuɗi asusun wani mutum, ko ya ce a ƙara sunayen waɗanda ba makaɗa ba a jerin tawaga, ka rabu da shi nan take.

Mataki na bakwai: tafiya

A yi fasfo tun ba a samu gayyata ba, kuma suna da ranar haihuwa su dace da na lambar NIN. A yi allurar shawara a karɓi katin. Bizar ƙasashen Shengen na Turai kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Takardar gayyata ta faɗi ranaku da masauki da wanda zai biya. In za a biya yaron kuɗin wasa, a tambayi masu gayyata irin bizar da ta halatta hakan a ƙasarsu.

Kayan kiɗa a kula da su. Goge da kukuma sau da yawa fatar guza ko damo ake sa musu, kuma waɗannan dabbobi suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin namun daji, don haka kwastan na iya riƙe su in babu takardar izini. Mafi sauƙi a sa wa na tafiya fatar akuya. Mai kalangu ya tafi da fatu da tsirkiya na canji, domin sanyi da danshi suna sassauta fata, kuma babu mai gyara a can.

Idan yarinya ce, a zauna da iyayenta tun kafin a cike fom, a nuna musu komai, a kuma sa kuɗin ɗan rakiya a kasafi. Su kuma samarin a faɗa musu gaskiya: wanda ya tsere ya ƙi dawowa ya jawo wa cibiyar da ta tsaya masa matsala, ya kuma sa an ƙara tsananta wa na bayansa.

Bayan an dawo

A aika rahoto da rasiɗai a kan lokaci, tare da hotuna da waƙar da aka yi. A raba kuɗi bisa takardar kaso a gaban kowa, a kai wa dattijo nasa har gida. Yaron ya zauna da matasa goma ko ashirin ya nuna musu yadda ake ware fayil da cike fom, a kuma kai waƙar gidajen rediyon jiha da Companion FM don mutanen gida su ji abin da aka je aka yi.

Ramuwar ziyara tana da wuya a yanzu, domin gwamnatocin Turai da Amurka suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa jihar Katsina, kuma galibi inshorarsu ba ta aiki a inda aka yi irin wannan gargaɗi. Kada a matsa wa baƙo, kada kuma a ɓoye masa halin da ake ciki. A shirya haɗuwa ta biyu a Abuja ko Legas, ko a wata ƙasa ta uku, a sa kuɗin motar makaɗa da masaukinsu a kasafin tun daga farko.